Ina gama aikin ofis tun sha biyu, zan iya juyawa ga kasuwancina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a Abuja, ina zaune a Mararaba. Na tsara aikina yadda kafin sha biyun rana na gama da duk fayil ɗin da ke kan teburina. Sauran lokacin sai in riƙa amsa masu sayen atamfa da leshi a WhatsApp, wani lokaci in leƙa kasuwar Wuse in ɗauko kaya, abokiyar aikina ta rufa min asiri. Albashin ba ya kai mu ƙarshen wata. Akwai laifi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi miki albarka 'yar'uwa. Wadda za ta keto cunkoson Nyanya da sassafe, ta kuma share teburinta kafin azahar, ba malalaciya ba ce, kuma ba zan yi miki magana kamar malalaciya ba.

Hukuncin ya rataya a kan abu guda: me aka saya a wurinki, aiki ko lokaci? Telan da kika kai wa ɗinki aikinsa kika saya, ko da tsakar dare ya ɗinka ba ruwanki. Ke kuwa lokacinki aka saya, daga takwas zuwa huɗu. Irinki malaman fiƙihu ke kira ajiri na musamman, shi ya sa ranar da babu fayil ko ɗaya ba a yanke miki ko kwabo. Amsa saƙo ɗaya ko biyu kina zaune babu mai jiranki, wannan al'ada ta yafe. Fitar nan zuwa Wuse ce ta canja hukuncin, kuma ba ta halatta ba sai da izinin wanda doka ta ba shi ikon ba da izini. Ki tuna da dattijon da ya taso daga Gwagwalada, ya ƙarar da kuɗin motarsa, aka ce masa "ta ɗan fita, ka dawo gobe". Ga shi kin jefa abokiyar aikinki cikin ƙarya.

Na san za a ce miki gwamnati ce ta fara tauye ki, don haka ki rama da lokaci. Har wasu na kafa hujja da Hindu matar Abu Sufyan, wadda Annabi (SAW) ya yarje mata ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta daga dukiyar mijinta. Wannan ƙiyasi ne gurgu. Hindu haƙƙinta sananne ne, ciyarwa ce wajiba da aka hana ta, kuma ta je ta tambayi hukuncin. Ke kuwa albashin da kika sa hannu a kansa ana biyan ki. Ya yi kaɗan, gaskiya ne, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ninka. Amma ƙarancin lada dalili ne na neman ƙari ko barin aiki, ba na rage mudu a ɓoye ba. Sannan wa kika rama wa? Ba wanda ya yanka albashin ke shan wahalar ba, talaka ɗan'uwanki ne. Hadisin Abu Dawud da Tirmizi ya ce kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba. Jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, in ban da noma, kuma Musulmi yana kan sharaɗin da ya karɓa. Ina jiye miki ranar da wani mai hassada zai kai ƙara. Ki miƙa ragamar kasuwancin ga ƙanwarki ko wata amintacciya, sarin kaya ya koma Asabar.

Awannin da kika fita a baya, ki yi istigfari, ki ƙiyasta su ki biya da ƙarin aiki. Tunda hannunki na da sauri, ki karɓi fayil ɗin da suka taru a teburin wasu, ki fara da na 'yan fansho.

Wallahu a'alam.