Muryar da aka tura wa Hajiya kan kawa da jan ruwan teku

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, ina wuni, ya Akara? Na saurari saƙonki tun da rana, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce kin ga bidiyon teku ya koma ja a Filifin an hana cin kawa, dabbar ruwan nan mai ɓawo, kina tambaya ko sauyin yanayi ne, kuma ko tafasawa na raba ta da dafin. Bari in fara da ta biyun, don ita ce ta rai. Wuta ba ta kashe wannan dafin. Ki tafasa, ki soya, ki gasa, yana nan daram.

To ga yadda abin yake. Akwai wata irin gansakuka a teku, ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya, sai sun yi yawa ruwa ya sauya launi. Wadda ta fi addabar ƙasashe masu zafi sunanta Pyrodinium, dafinta kuma saksitoksin. Ita kawa da danginta masu ɓawo biyu, irin ƙumbar nan da iyayenmu ke kankare tukunya da ita, ba sa farauta. Ruwa suke zuƙa su tace, abin da ya maƙale shi ne abincinsu. Kin ga ke nan rariya ce mai rai. Dafin sai ya yi ta taruwa a cikinta, ba wari, ba ɗaci, ba alama. Wani lokacin ma ruwan fes yake, amma ita ta riga ta ɗauka.

Wanda ya ci, cikin kamar rabin awa leɓe da harshe su fara mutuwa, sai yatsu, in ya yi tsanani numfashi ya tsaya. Ba shi da makari, sai dai a kai mutum asibiti da gaggawa a sa masa na'urar numfashi har jiki ya fitar da shi. A 1987 a Champerico ta ƙasar Guwatamala mutum 187 suka kwanta, 26 suka rasu, Allah ya kiyaye. Filifin kuwa tun 1983 suke fama, daga yankin Samar ya fara, shi ya sa hukumar kamun kifinsu ke auna naman kawa tana fitar da sanarwar gaɓar da aka rufe.

Af, ita kanta kawar fa ba lafiya take ba, nan ne mutane ba sa dubawa. In gansakukar ta yi yawa sai kawar ta datse bakinta ta rage ci, ta rame, garkuwar jikinta ta yi rauni. In gansakukar ta mutu ta ruɓe kuma, ta shanye iskar da ke cikin ruwan, kifi ya gudu, ita da ke manne a saiwar itace ina za ta? Ga zafi. Dabbar ruwan ƙasa mai zafi dama a bakin iyakar abin da za ta iya jurewa take zaune, ƙari kaɗan ya isa ya galabaitar da ita, kuma ruwan ɗumi shi ƙwayoyin Vibrio ke so, dangin masu kawo kwalara. Sannan hayaƙin da teku ke sha ya ƙara masa tsami da kusan kashi 30 cikin ɗari tun farkon zamanin masana'antu, 'ya'yan kawa sai su sha wuya kafin su gina ɓawo.

Amma Hajiya, ni ba na son a ɗora wa sauyin yanayi komai. Yana da hannu, ruwan sama mai ƙarfi na wanko takin gona da ƙazantar gari zuwa teku, ɗumi kuma na tsawaita lokacin gansakukar. To wa ya zuba takin da ƙazantar? Mu ne. Kuma wani babban bincike na 2021 ya nuna ba ko'ina abin ke ƙaruwa ba, a wurare da yawa sa ido ne da kiwon kawa suka ƙaru.

Kawar da mata ke tsinta a bakin kogin Densu kusa da ku, rufewar da suke yi na wasu watanni don ta hayayyafa ne, kar ki haɗa da wannan. Ki dai saya wajen wadda ta san inda aka tsinto, in an ce an rufe gaɓa a bari. Kifi kuwa, ko a Filifin ba sa hana shi lokacin jan ruwa, cewa suke a cire hanji da abin numfashinsa na gefen kai a wanke sosai kafin a ɗora. Ki gaida Alhaji da yara.