Kujerar matuƙin jirgin ruwa: amsoshin wasiƙunku

Wani kafinta ya rubuto daga Legas. Maigidansa yana da jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya ce ya ƙera masa kujerar zama a bayan sitiyari. Yana tambaya wane katako zai saya.

Malam, in aljihun maigida zai ɗauka, sayi tik (teak), icen nan mai tsada da ke jure ruwa. In ba zai ɗauka ba, loko, wanda a Kudu suke kira iroko, zai yi maka aikin, don shi ma yana jure ruwa. Wannan mai sauƙi ne. Inda nake jin tsoro shi ne filawud. Za ka shiga kasuwar katako ka ce na jirgin ruwa kake so, a jawo maka falle da hatimin BS 1088 a jiki, wato lambar ma'aunin Birtaniya na filawud ɗin jirgin ruwa, a tsuga maka kuɗi. Hatimi ba wuya, kowa na iya bugawa. Na gaskiya, wanda galibi da icen okume na ƙasar Gabon ake yin sa, gam ɗinsa ba ya sakewa ko a tafasasshen ruwa. To, kafin ka biya kuɗin falle guda, nemi guntu ka tafasa shi awa ɗaya, ka shanya, ka sake tafasawa. In ya ɗaɗɗare, na silin ne aka sauya wa suna. Duba bakinsa kuma: in ka ga ramuka tsakanin shimfiɗun, nan ruwan gishiri zai kwanta ya ci shi ta ciki, waje kuwa fenti na ta sheƙi.

Noti ma haka. Wanda ya dace da teku shi ne na ƙarfe mai jure tsatsa (stainless steel) mai lamba 316, ko A4 a rubuce a kansa. Tafi da maganaɗisu a aljihu. Duk notin da ya manne masa tsam ba 316 ba ne, galibi ƙarfe ne aka shafa wa farin ruwa, damina ɗaya zai zubo da tsatsa. Kuma irin wannan ƙarfe kusa da kamfas, na'urar nuna arewa da kudu, yana karkatar da allurarsa, ga shi kamfas ɗin a gaban matuƙi yake. Abin da ke ɓata mini rai, mutum ya kashe kuɗi a kan yadin kushin mai kyau, sai ya zo kan noti takwas ya fara ƙwauro. Ranar da igiyar ruwa ta daki jirgi, waɗannan notin ne ke riƙe da mutum. In kujera ta tsinke, matuƙi ya saki sitiyari, duk wanda ke cikin jirgin ya shiga uku.

Wani kuma yana so ya ɗauko kujerar mota daga wurin 'yan gwangwan ya ɗaura. Haba! Ƙarfenta zai yi tsatsa, sosonta ya sha ruwa ya yi wari. Bar ta inda ka gan ta.

Sai wani yaro mai koyon sana'a, wanda ya ce barci ya gagare shi don tsoron huda daɓen jirgin mutane. Ɗana, wannan tsoron naka alheri ne, kada ka ji kunyarsa. Fara haɗa kujerar da tarkacen katako, ka sa mai jirgin ya zauna. Yana hango gaba ta saman ɗakin jirgin? Ƙafarsa ta sami wurin tokarewa? Sandar da ke riƙe ƙasan ƙyallen iska tana wuce kansa in ta juyo? Ka tuna irin wannan jirgi a karkace yake tafiya, shi ya sa ake yi wa mazaunin ɗan tozo a tsakiya, ya gangara dama da hagu. Kada kuma ka rufe ƙofar da ake zura sandar tuƙi ta gaggawa in sitiyari ya lalace.

Sannan ka huda. Noti ya ratsa daɓen har ƙasa, ka sa masa faranti da washa ta ciki, kowane rami ka shafe shi da gam ɗin ifoksi (epoxy) don kada ruwa ya shiga, domin daɓe da yawa akwai ice mai laushi a tsakiyarsa. Kushin kuma a sa soson da ba ya shan ruwa, ban da na katifa. In hannunka na rawa, roƙi maigidanka ya tsaya a kanka wajen rami na farko.