Me Ya Sa Gyare-gyare Ba Su Ceci Sarkin Rasha Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Rafin Daɗi, nan cikin Katsina. An koya mana cewa sarakunan Rasha sun 'yanta bayin gona, har majalisa suka kafa. To me ya sa talakawa suka tumɓuke su a 1917? Wannan ba butulci ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin ki ce butulci, duba yadda ake ba su da dama a karɓe da hagu.

A 1861 Sarki Alexander na Biyu ya 'yanta manoma sama da miliyan 20 da ke ɗaure a gonakin iyayen gidansu. Sai dai gonar ba kyauta ba ce. Gwamnati ta biya iyayen gidan kuɗin ƙasar, ta ɗora wa manomi bashin da zai yi shekara 49 yana biya, kuma ƙasar ta zama ta ƙauye, ba tasa ba. Kamar a sallame ka daga gandu ne, amma kowace kaka sai an zo an ƙirga dammanka an ɗebi rabo. Da aka kashe sarkin da bam a 1881, ɗansa ya ƙara matse wuyan jama'a.

Ni a wurina, 1905 ce ta yanke igiyar. Japan tana lallasa Rasha a fagen yaƙi, ma'aikata suna yajin aiki. Ranar Lahadi, 22 ga Janairu, wani limamin coci mai suna Gapon ya ja dubban ma'aikata zuwa fadar sarki da ke St. Petersburg, babban birnin ƙasar a lokacin, da takardar koke: a rage awannin aiki, a ƙara lada, a ba su wakilai. Da matansu da 'ya'yansu suka fito, suna waƙoƙin ibada, wasu riƙe da hoton sarkin lokacin, Nicholas na Biyu, jikan Alexander na Biyu, don uba suka ɗauke shi. Shi ba ya ma fadar ranar. Sojoji suka buɗe wuta, ɗaruruwa suka mutu ko suka jikkata.

Da ƙasa ta ɗau zafi, jiragen ƙasa suka tsaya cik, a watan Oktoba Nicholas ya yi alkawarin majalisa, Duma. Tsoro ne ya sa shi, ba son ransa ba. Ta farko ta zauna a 1906, ya rushe ta cikin mako goma. Ta biyu ma ya rushe a 1907, ya sauya dokar zaɓe yadda masu manyan gonaki za su yi rinjaye.

Firaministansa Stolypin ne kaɗai nake ganin ya san ciwon. Ya ba manomi damar ware gonarsa ta zama mallakinsa, amma kuma kotunan sojansa sun kashe mutane ba ji ba gani. An harbe shi a wani gidan wasan kwaikwayo a birnin Kiev a 1911, sarki na cikin zauren.

Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, inda Rasha ta kara da Jamus. Nicholas ya tafi ya karɓi jagorancin soja a 1915, ya bar mulki hannun matarsa, Bajamushiya, da bokanta Rasputin. Daga nan duk kashin da aka sha, a kansa ake ɗorawa. A Maris ɗin 1917 mata masu layin burodi da ma'aikata suka cika titunan babban birnin. Aka umarci sojoji su yi harbi, bayan kwana ɗaya suka juya suka bi jama'a. Janar-janar ɗinsa da kansu suka ce ya sauka, ya sa hannu ranar 15 ga Maris a cikin jirgin ƙasa a garin Pskov.