Na'urar gani da dare: wacce za a saya, kuma yaya ake haɗa ta da kamara?

Wani Alhaji daga wajen Tibiri ya rubuto: "Garken shanuna yana bayan gida, tazarar kamar mita 40. An nuna mini madubin gani da dare irin na riƙewa a hannu. In saya in haɗa shi da kamara ya riƙa ɗaukar abin da ke gudana?"

Alhaji, Allah ya tsare dukiya. Shawararmu ita ce kada ka sa kuɗinka a wannan madubin. An yi shi ne don mai yawo, batirinsa na 'yan awoyi ne, kuma ba a gina shi ya kwana a waje cikin ƙura da raɓa ba. Ga kuma halin tsaro da ake ciki: duk mai niyyar riƙe irinsa ya fara tuntuɓar jandarmomi, don kayan sun yi kama da na soja.

Na'urorin iri uku ne. Akwai mai ƙara ƙarfin hasken wata da taurari, mai koren hoto. Tana da tsada, kuma haske mai ƙarfi yana lalata ta. Akwai mai ganin zafin jiki, wadda ke nuna mutum ko saniya cikin baƙin duhu, sai dai ba za ka gane fuska ba, kuma ba ta gani ta cikin gilas. Ta uku ita ce taka: kamarar bango mai aiki da hasken infirared, hasken da idon mutum ba ya gani.

A nan fitilar infirared ta jikin kamarar ta fi yawan megafiksel, wato ma'aunin kyan hoto, muhimmanci. In an rubuta mita 30 a kwali, ana nufin za ka hangi motsi; gane fuska kuwa sai a kusa, wajen mita 10. Saboda haka ka kai kamarar bakin garke, a kan sanda mai tsayin mita 3, tana kallon ƙofar shiga. Idon kamara mai milimita 2.8 yana kwaso fili da yawa amma komai ƙanana. Mai milimita 6 ya fi dacewa da ƙofa. Nemi kamara mai alamar IP66, wato wadda ke jure ƙura da ruwa, ka yi mata 'yar rumfa saboda zafin rana na watan Afirilu. Ka ƙara fitilar infirared ta daban: mai lamba 850 ta fi nisa, amma ana ganin ɗan ja-ja a fuskarta, mai 940 ba ta nuna kanta, sai dai haskenta bai kai na waccan nisa ba.

Lissafin wuta: a ce kamara wat 6, fitila wat 12, akwatin naɗi da ake kira DVR wat 12. Wat 30 ke nan. Cikin awa 12 sun sha amper 30 daga batir mai bolt 12. Batirin ruwa ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi, don haka mai amper 60 shi ne mafi ƙanƙanta, mai 100 ya fi kwanciyar hankali.

Wata Hajiya mai shago a unguwar Ali Ɗan Sofo ta ce: "Da rana kamarata tas take nunawa, da dare sai hoton ya yi fari fat."

Hajiya, da wuya a ce ta lalace. Haskenta ne ke dawo mata a ido. Duba ko tana bayan gilas, ko bango ko bakin kwano ya tsaya kusa da gabanta. Sai yanar gizo-gizo: zare ɗaya tak ya gitta, da dare sai ya zama kamar farar igiya a allo. Da hunturu kuma ƙurar da ke shawagi ce take haskawa. Goge idon da tsumma mai laushi kowane mako. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne a kashe fitilun jikinta a sa fitila dabam, mita 1 zuwa 2 a gefe. Hasken sai ya rage dawo mata a ido.

In kuwa kamarar mutuwa take yi da magariba, matsalar wayar wuta ce. Lokacin ne fitilu ke kamawa su ja wuta, siririyar waya mai tsawo kuma tana rage bolt a hanya. A auna a bakin kamarar da dare. In ya sauka ƙasa da bolt 11, a sa waya mai kauri ko a matso da abin ba da wutar kusa.

Wani matashi ya tambaya yadda zai haɗa madubin gani da dare na dijital da yake da shi da DVR ko salula.

Malam, duba gefensa. In akwai kafar fitar da bidiyo, sa wayar RCA mai rawayan kai, ka ɗaura mata mahaɗin BNC da ke shiga DVR, ka saita madubin da DVR ɗin a kan tsarin hoto na PAL. In babu, sayi maƙalin da ke riƙe salula a bakin madubin, kashe filasha, ka kulle saitin idon salular, sannan ka ɗan jawo hoton har baƙin da'irar gefe ya ɓace. Haska wa salula fitilar infirared kai tsaye ba zai yi ba, don akwai gilashin tacewa a idonta da ke tare mafi yawan wannan haske.