Tambayi Mai Waya: In Rediyon Kamfani Ya Gaji

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan rediyon mota suka zo, kamar an haɗa baki. Na zaɓi huɗu. Mai tambaya kan fitilar gaba ya yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne a Kumo, kusan kullum ina shigowa Gombe da Honda Accord ta 2004, wadda ake ce wa EOD. Hasken fuskar rediyon ya ɗauke, ya kuma haɗiye faifan CD ya ƙi fitarwa. Ina sha'awar irin mai babban gilashin nan na Android. Wani yaro ya ce a rabin awa zai gama, wai zai yanke wayoyin baya ne ya haɗa. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ba shi. Wanda ya ce zai canza rediyon EOD a rabin awa, to bai taɓa buɗe ta ba.

A yawancin tsofaffin motoci ramin rediyo ma'auninsa ɗaya ne. Jamusawa suka fito da shi, ana kiransa DIN, kuma a 1984 aka karɓe shi ya zama ma'aunin duniya: faɗi milimita 180, tsayi milimita 50. Babban ramin, wanda masu gilashi ke shiga, faɗin ɗaya ne amma tsayinsa 100. Shi ya sa a Golf ko 504 za ka zare wannan ka zura wancan, shi ke nan. Taka ba haka take ba. A Accord ta 2003 zuwa 2007, rediyo da maɓallan esi jiki guda ne, fuska ɗaya suke. Ka cire rediyo, ka cire abin kunna sanyi. Ka tuna watan Afrilu a hanyar Kumo da azahar, ka ga ko ciniki ne.

Masu sayar da na Android sun san da haka, don haka wanda aka ƙera domin wannan motar yana zuwa da fuskarsa cikakkiya, da nasa maɓallan esi. Amma iri biyu ne. Akwai na motar da sanyinta ɗaya ne ga kowa, akwai na wadda direba da na gefensa kowa ke saita nasa. Ka duba taka kafin ka biya, ko ma ka ja motar har ƙofar shagon a gwada a gabanka. In aka kawo wanda ba nata ba, waƙa za ta fito tangaram, fanka kuwa ko motsi.

Ni da motata ce, gaskiya ba zan taɓa saman ba. Akwai aljihun ajiye tarkace a ƙasan rediyon. Ana cire shi a sa firam, a zaunar da sabon rediyo a wurin, tsohon ya zauna a inda yake yana aikin esi kawai. Bai kai wancan kyan gani ba, na yarda, amma motocin da na yi wa haka ba sa dawo mini da ƙorafi.

Yanzu maganar yanke waya, wadda ita ce ta sa na fara da wasiƙarka. A bayan kowane rediyon kamfani akwai soket. Ana sayar da kishiyarsa, guntun wayoyi ne da filogin da ya dace da motar. A kan tebur ake haɗa wayoyin sabon rediyo da wannan guntun, a liƙe da dalma, a rufe, sannan a je a danna shi cikin soket ɗin motar, ƙas. Ba a yanki komai na mota ba. Ranar da za ka sayar da ita, ko sabon ya lalace, ka zare ka mayar da na da.

A 1996, shekarar da aka ba mu jiha, ina yaron shago, maigidana ya tafi ta'aziyya Bajoga ya bar ni da 505 ta wani Alhaji. Na ga soket bai yi daidai ba, na sa filaya na datse shi gaba ɗaya. Na murɗa wayoyi da hannu na naɗe da salatif. Fiyus ya ƙone, na sa wani, ya ƙone, sai na ɗaure gurbin da zaren waya kamar yadda na ga ana yi. Ban kai ga rufe ƙofa ba hayaƙi ya fara fitowa ta ramukan iska. Kwana huɗu muka yi muna bin wayoyin da suka narke, maigidana bai karɓi ko kwabo ba, ni kuwa har yau kunnena na hagu yana tuna ranar. Fiyus ɗin nan ba don ado aka sa shi ba. Na rediyo yawanci amfiya 10 ne ko 15, kuma in ya ƙone sau biyu a jere, laifin yana cikin haɗin ne.

Wani abin da yaran yanzu ba sa kiyayewa: launin wayoyin sabon rediyo daban, na kamfanin mota daban. A sabon rediyo ruwan ɗorawa ita ce wutar batir. A cikin dashbod kuwa, wayoyi da filogi masu ruwan ɗorawa galibi na jakar iskar hatsari ne. Yaro ya shiga neman wuta da ƙwan gwaji ya tsikari wannan, zai iya tayar da jakar a fuskarsa, ko ya bar ka da fitilar gargaɗi da ba ta mutuwa. A cire kan batir, na baƙar waya, kafin a kwance komai.

Game da na Android ɗin, araha ba ta ado. Mai ƙwaƙwalwar aiki giga 1 zai ba ka haushi, sai ka kai Mil Uku bai gama farkawa ba. Nemi mai giga 4, in aljihu bai kai ba kada ka yi ƙasa da 2. Abin da aka rubuta a kwali ba koyaushe ne abin da ke ciki ba, a kunna a gabanka. Ka kuma saya masa abin tare rana, domin zafinmu na bazara yana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a filin makaranta.

Tambaya: Oga barka da aiki. Sharan nake ja, Gombe zuwa Dukku. Na sa sabon rediyo mai cin memori, amma duk na kashe mota sai ya manta tashoshi da agogo, karatun da nake saurare ya koma farko. Wani ya gyara mini ya daina mantuwa. To yanzu in motar ta kwana biyu ba aiki sai an tura.

Amsa: Direba, sannu da hanya. Ko ban ga motar ba na san abin da aka yi mata.

Rediyo wuta biyu yake ci. Ruwan ɗorawa tana zuwa daga batir ba ta yankewa, ita ke riƙe masa tunani. Ja kuma sai an murɗa makulli take kawo wuta, ita ke tashinsa ta kwantar da shi. Baƙa ta tafi jikin mota. To a motocin Volkswagen irin Sharan ɗinka da Opel da yawa, gurbin waɗannan biyun a soket a juye yake. Ka danna kai tsaye, tunaninsa ya koma kan makulli, kana kashewa ya manta komai. Maganin bai kai minti biyar ba: a musanya su, ja ta koma gurbin ruwan ɗorawa, ita kuma ta koma na ja. Wasu rediyoyin ma an yi musu mahaɗi a tsakiyar wayoyin domin wannan musanyar.

Mai gyaran naka haɗe su ya yi wuri ɗaya ya ba su wutar batir. Mantuwa ta tafi, amma rediyon ba ya barci. Yi lissafi da kanka. In yana jan rabin amfiya, a awa 48 ya sha 24 a ma'aunin wutar da batir ke riƙewa, alhali batirin gaba ɗaya bai fi 60 zuwa 75 ba yana sabo, naka kuwa na tabbata ya ga jiya. Motar da ke kashe, abin da take ja bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na rabin amfiyar nan. Ka sa a auna da mita a gabanka bayan an raba wayoyin. Ka yi da wuri, don batirin da ake yawan kwashe wa wuta har ƙasa ba ya daɗewa, garin neman gira za ka rasa ido.

In ka lura tashoshi sun rage ƙarfi da ka wuce gari, wannan ma sananne ne. Eriyar wasu motocin Jamus tana da ɗan abin ƙara ƙarfi da tsohon rediyo ke ba wa wuta ta cikin wayar eriyar kanta. Akwai ƙaramin mahaɗi da ake sawa, a jona shi da shuɗiyar wayar sabon rediyo.

Tambaya: Baba ina wuni. Camry Muscle ce da ni, a Tumfure nake. Ƙanena ya sa an canza mini rediyo don in riƙa amsa waya ta Bluetooth. Gilashi yana kawowa, amma ba sauti, maɓallan sitiyari ma sun daina aiki. Sun ce sifikuna ne suka mutu.

Amsa: Lafiya lau, Hajiya. Sifikun da suke magana da safe ba za su mutu duka da yamma ba. Duba fuskar tsohon rediyon, in da an rubuta JBL, motarki tana da amfilifaya a ɓoye a wani wuri daban, kuma ta cikinsa sauti ke bi kafin ya kai ƙofofi. Tsohon rediyo ne ya san yadda ake tashinsa, sabon bai sani ba. Ana sa wani ɗan akwati a tsakani wanda aka yi domin Toyota mai JBL, ko kuma a tsallake amfilifayan a ja wayoyi zuwa sifiku. Na farkon ya fi, domin sifikun an auna su ne da wannan amfilifayan. Maɓallan sitiyari su ma wayarsu daban, sai an jona ta an koya wa sabon rediyon kowane maɓalli, wani lokaci da nasu akwatin. Kada ki sayi sifika ko ɗaya tukuna. Tsohon rediyon kuma a dawo miki da shi gida, kada a bar shi a shago, yana da masu nema.

Tambaya: Malam, ɗana ya ce in cire rediyon motata in sa mai wat 50 sau huɗu. Ni labarai kawai nake ji da tafsiri, kuma rediyon lafiyarsa ƙalau, sai dai ba ya cin memori. Daga wani dattijo a Jekadafari.

Amsa: Allah ya ƙara girma, Baba. Wat 50 ɗin nan ihun da yake iya yi ne na ƙiftawar ido. Ƙarfin da yake riƙewa a kai a kai bai fi wajen 20 ba a kowace sifika, ba wata tazara ce mai yawa da wanda kake da shi ba. Bar abinka. Akwai wata 'yar na'ura da ake cusawa a ramin kunna sigari, tana cin memori da filash, tana kuma haɗuwa da waya. Ita ke watsa abin da ka sa mata a kan zangon FM, kai kuma ka kamo ta da rediyonka kamar kowace tasha. Ka zaɓa mata lambar da babu tashar da ke kai, in ba haka ba za su yi ta kokawa. In motar 'yar Amurka ce, lambar ta ƙare da mara, kamar 88.1 ko 88.3, domin rediyoyinsu tsallake 88.2 suke yi. A wasu motocin ramin sigarin ba ya ɗauke wuta ko an zare makulli, don haka in ka ga fitilarta tana ci bayan ka kashe mota, ka riƙa zare ta da daddare.