Tambaya da Amsa: Yabon ado da Ingilishi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ina saka hotunan ɗinkina a WhatsApp, har masu saye daga Abuja da Legas sun fara yi mini magana da Ingilishi. Karatuna a kolej ya tsaya, kuma in ban da beautiful ba ni da wata kalmar yabo. Me zan ce wa wadda ta sha ado, ko mai kwarjini?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ai kina da jari a hannu, wato Faransancin lakwal. Tun da mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi a 1066 Ingilishi yake aron kalmomin Faransanci, kuma na ado da kwalliya suna da yawa a ciki. Elegant da chic kin riga kin san su, lafazi kawai za ki gyara. Idan mace ta sa leshi, ɗinkin ya zauna mata tsaf ba tarkace, rubuta mata you look elegant. Mai bin yayi kuwa stylish ce. Namiji da ya sha shadda da hula, handsome ko smart, amma a bakin mutanen Amurka smart mai kaifin basira ne, ba ruwansu da tufafi.

Charming na mai fara'a ne da farin jini, wanda zama da shi ke da daɗi. Kada ki yanke wutsiyar kalmar, don charm a Ingilishin Najeriya sau da yawa laya ko asiri ake nufi. Mai kwarjini, irin wanda in ya shigo taro ake yin tsit, shi ne charismatic. Wannan ta fi ƙarfin hoton atamfa, ki ajiye ta don manya.

Inda Faransanci zai yaudare ki guri biyu ne. Confident a can aminin da ake gaya wa sirri ne, a Ingilishi kuwa mai yin abu gaba gaɗi, ba ɗari-ɗari. Haka sympathetic ba ta nufin mai kirki da sakin fuska kamar sympathique, mai tausayi ce. Ɗalibaina sun sha rubuta ta a wasiƙa suna zaton yabo suka yi. Proud kuma ki bar ta, tana iya komawa girman kai.

Ni ban yarda da haddar jerin kalmomi ba. Ɗauki ɗaya, ki liƙa ta ga wadda kika sani, ki yi jimla: my aunt is always elegant. Gobe ki rubuta ta ƙarƙashin hoton ɗinki. Sannan ki lura da abin da masu sayen suke rubuto miki. Za ki ga gorgeous da classy suna yawan fitowa, ki kwafe su yadda suka zo a jimlarsu.