Tambaya da Amsa: Kasuwancinmu na taimakon jama'a ya ƙi tsayawa da ƙafarsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne muka haɗa kuɗi muka buɗe wurin ɗinki, da niyyar ɗaukar mata masu naƙasa da waɗanda mazansu suka rasu, mu koya musu sana'a, mu riƙa biyansu daga cinikin da aka yi. Kayanmu suna fita, amma duk wata sai mun cike giɓi daga aljihunmu. Mun je banki, an ce mu ƙungiyar agaji ce. Mun nemi tallafi, an ce ai mu 'yan kasuwa ne. Yanzu kuma wani mai hali ya ce zai zuba jari idan muka ba shi kaso. Waɗanne matsaloli ne irin wannan kasuwanci yake fama da su, kuma yaya ake shawo kansu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah Ya saka muku da alheri. Giɓin da kuke cikewa ba lallai ne ya zama alamar rashin iya kasuwanci ba. Duk inda aka kafa kamfani don ya yi ciniki kuma ya magance wata damuwar al'umma, da wannan giɓin ake haihuwarsa. Abokin gasarku yana ɗaukar telan da hannunsa ya faɗa, ran da ya zo ran nan zai fara fitar da kaya. Ku kuwa kuna ɗaukar wadda ba ta taɓa taka keke ba, ku biya ta tsawon watanni tana koyo, ta ɓata yadi, a warware ɗinki a sake. A kasuwa kuma farashi ɗaya za ku sayar. Wannan bambancin shi ne kuɗin alherin da kuka zaɓa, kuma dole wani ya biya shi. A yanzu ku ne kuke biya.

Saboda haka kafin komai ku raba littafin lissafinku gida biyu. Ku ɗauki wata guda. A shafi ɗaya ku rubuta abin da kowane mai ɗinki zai kashe: yadi, zare, haya, wuta, gyaran keke, ladan aikin da ya fita kasuwa. A ɗaya shafin ku rubuta abin da kuka kashe don manufarku kaɗai: albashin mai koyarwa, alawus ɗin masu koyo, yadin da ya lalace wurin gwaji, keken da aka gyara don wadda ba ta iya taka shi da ƙafa. Idan shafin farko yana riba shi kaɗai, kasuwancinku lafiyarsa ƙalau, abin da ya rage shi ne a samo mai ɗaukar nauyin shafi na biyu. Idan kuwa shafin farkon ma asara yake yi, to ba tallafin da zai cece ku. Sai ku koma ku duba farashi da ingancin kaya. Na fi ganin mutane suna gudun wannan lissafin, domin yana hana su fakewa da cewa taimako ne ya ci kuɗin.

Wannan rabon ne kuma zai warware muku maganar banki da masu tallafi. Taura biyu ba ta taunuwa a wurinsu. Ma'aikacin banki ku kai masa shafin farko, ya ga ciniki da riba. Mai ba da tallafi ku kai masa na biyu, ku ce: horar da mace ɗaya yana cin kaza, shi muke so ka biya, ba mu nemi ka saya mana zare ba.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar roƙon kowa, wato mai hali ya ɗauki nauyin marar hali ta cikin cinikin kansa. Asibitin ido na Aravind da ke Madurai a Indiya ya fara a 1976 da gadaje 11, Dakta Govindappa Venkataswamy ne ya kafa shi bayan ya yi ritaya. Wajen rabin aikin idon da suke yi kyauta ne ko a kan kuɗi kaɗan, kuma kuɗin masu biya ne yake riƙe da sauran. Abin lura shi ne yadda suka karya tsadar aiki. Likita yana aiki tsakanin tebur biyu: yana kan mutum ɗaya, ma'aikatan jinya sun riga sun shirya na gaba, da ya gama sai ya juya kawai. Da tsadar gilashin da ake sakawa cikin ido ta dame su, sai suka buɗe masana'antarsu mai suna Aurolab a 1992. Masu kuɗi suna zuwa ne don aikin yana da kyau. Ku riƙe wannan sosai, domin wanda ya sayi rigarku don tausayi sau ɗaya zai saya. Wanda zai dawo shi ne wanda ɗinkin bai ɓalle masa ba. Kuma kwangilar kayan makaranta ko na ma'aikatan asibiti, wadda ake sabuntawa duk shekara, ta fi muku amfani fiye da masu saye ɗaya-ɗaya.

Ku bincika dokar ƙasarku ma. Italiya ta yi doka a 1991 wadda ta sauƙaƙa wa ƙungiyoyin gama-kai kuɗin inshorar ma'aikata masu rauni, matuƙar sun kai kashi 30 cikin 100 na ma'aikatansu. Koriya ta Kudu ta fara aiki da tata dokar a 2007, har da tallafin albashi.

Sai maganar mai jari, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarku. Rashin kuɗi yana kashe irin wannan kamfani, amma zuwan kuɗi yakan canza masa alƙibla yana raye. Compartamos a Meziko ta fara ne a 1990 a matsayin ƙungiyar ba mata talakawa ƙaramin rance. A 2007 ta sayar da hannun jari a kasuwa, masu kaso suka kwashi riba mai yawa, alhali ruwan da take ɗora wa matan yana kusan kaiwa kashi 100 a shekara. Muhammad Yunus, wanda ya kafa Bankin Grameen mai ba talakawa ƙaramin rance a Bangladash, ya kuma samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006, ya fito ya soki lamarin. A Indiya kamfanin ba da ƙaramin rance mai suna SKS ya bi sahu wajen sayar da hannun jari a 2010, kuma cikin shekarar gwamnatin jihar Andhra Pradesh ta taka wa masu ba da ƙaramin rance birki, bayan rahotannin matsa wa masu bashi har wasu suka kashe kansu. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar cutar da talaka. Kowane wata ne ake ɗan ƙara matsawa don a cika alkawarin riba. A wurinku abin zai zo da sauƙin baki: "Mu ɗauki ƙwararrun teloli biyu kawai don aiki ya yi sauri." Shawara ce mai ma'ana, kuma za a sake kawo ta wata mai zuwa.

Maganinsa a rubuta manufa kafin kuɗi ya shigo. Birtaniya ta fito da wani nau'in rajista a 2005 don kamfanonin amfanin al'umma: kadarar kamfani a kulle take ga manufarsa, kuma abin da za a raba wa masu jari ba zai wuce kashi 35 cikin 100 na riba ba. Jihar Maryland a Amurka ma ta yi doka a 2010 don kamfanonin da ke rubuta amfanin al'umma cikin manufarsu. Inda babu irin wannan, sai a yi rajista biyu: ƙungiya marar neman riba, da kamfanin kasuwanci wanda ƙungiyar ce take da rinjaye a cikinsa. Ƙungiyar agaji ta BRAC da ke Bangladash tana da shagunan Aarong tun 1978, kuma rarar cinikinsu tana tallafa wa ayyukanta.

Abu biyu a taƙaice. Kada ku ƙirga nasara da yawan matan da suka shiga horo; ku ƙirga nawa ne suke samun abin kansu bayan shekara guda da gamawa. Sannan ku huɗun ku yanka wa kanku albashi ko da kaɗan ne, ku sa shi a lissafi. Kamfanin da yake tafiya a kan aikin kyauta na masu shi bai san ainihin tsadarsa ba, kuma ran da ɗayanku ya gaji za a gane.

Shi kuwa mai jarin, kada ku kore shi, amma ku zauna da lauya a tsakani. Ku tambaye shi yaushe yake son kuɗinsa ya dawo, da ribar nawa, da wanda zai sayar wa kasonsa in ya tashi fita. A rubuta mafi ƙarancin adadin ma'aikatan da dole su fito daga matan da kuka kafa wurin dominsu, kuma ba a canza shi sai da yardar ku huɗu. In zai yarda, ku ba shi wani kaso na cinikin kowane wata har ya mai da kuɗinsa da ribar da kuka daidaita a kai, maimakon mallakar kamfani. Idan ya ce ba ya buƙatar takarda tunda akwai amana, ku dage sai an rubuta.